Kafin a Taɓa Kafireto



Duk wanda ya ɗan zauna a bencin mai gyaran babur a Gwammaja, ko Ƙofar Ruwa, ko Ƙofar Mazugal, daga tsakiyar 2023 zuwa yau, akwai maganar da ba zai tashi bai ji ta ba. Mai mashin zai tsaya, ko gaisawa ba a gama ba, sai ya ce, "Oga, don Allah a ɗan matse mini kafireton nan, shan mai yake yi." Ba kuma za a ga laifinsa ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta fita kuwa ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Magidancin da zai sauke yara a makaranta, ya wuce Kurmi, ya dawo da cefane, dole ya riƙa lissafin kowane ɗigo.

Sai dai wannan matsi da ake ta yi yana cinye mana wasu injina da ba za mu sake samun irinsu ba. Ina nufin tsofaffin baburan nan da har yau ake gani jefi-jefi a lungunan Yalwa da Madigawa da Adakawa da Bakin Ruwa: Honda Benly da Roadmaster masu salansa biyu, da CG 125, da 'yar C70, da Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, da Vespa ta dattawan kasuwa. Da yawansu sun shigo gidajenmu ne daga tsakiyar shekarun 1970, zamanin kuɗin Udoji, lokacin da malamin firamare da akawu suka iya mallakar abin hawa sabo fil. Wasu ma haɗin gida ne, domin Honda ta kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a 1979. A cikin birni kuwa, inda lungu yakan ƙi mota ya ƙi adaidaita, babur shi ne ƙafar mai gida, balle tun Janairun 2013 da aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Inji ya ga jiya ya ga yau, ya yi shekara 40 ko 50 yana hidima, sannan a kashe shi cikin 'yan makonni da bakin sukundireba. Wannan yana damuna ƙwarai. Idan babur yana shaƙewa ko yana shan mai, kafireto shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, mu kuwa da shi muke farawa.

Mu soma da sanin aikinsa. Fetur ba ya ci a cikin inji sai ya gauraya da iska, kuma gaurayen yana da ma'auni. Kilo 1 na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. In an mayar da lissafin zuwa awon da muka saba, kowace lita 1 da ka zuba a tanki sai ta samu iska wajen lita 9,000. Abin da babur ɗinka yake shaƙa ya fi abin da yake sha nesa ba kusa ba, kuma kafireto shi ne mai wannan awo, ba batir, ba kwamfuta. Masu shekaru za su tuna famfon fesa maganin sauro irin na da, mai gwangwani a baki. Ka tura hannu, iska ta wuce da gudu ta kan wani siririn bututu, ta zuƙo maganin daga gwangwani ta fesa shi. Haka kafireto yake aiki. Fistin ya sauka ya jawo iska, iskar ta bi ta ƙuntataccen maƙogwaro ta ƙara gudu, gudun ya rage mata ƙarfin danni, sai fetur ya taso daga kofin da ke ƙasa ta wata 'yar huda. Wani masani ɗan Italiya mai suna Giovanni Venturi ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1797, ba a ma yi mafarkin babur ba.

Waɗannan 'yan hudoji su ne jet. A kafireton Keihin da ke jikin Honda, da Dell'Orto da ke jikin Vespa, lambar da aka buga a kan jet faɗin hudarsa take nunawa: 100 wajen milimita 1 ke nan, 38 kuwa ko rabin milimita bai kai ba. Ƙwayar tsatsa guda ta isa ta toshe shi, zira waya sau ɗaya ya isa ya buɗa shi fiye da kima.

Kuma ba hanya ɗaya fetur yake bi ba. In babur yana silo, ko an ɗan taɓa totur, ƙaramin jet ne da sukurun haɗi suke ciyar da inji. Daga kashi 1 cikin 4 na totur zuwa kashi 3 cikin 4, allura ce da iko, siririyar nan da ke rataye a fistin ɗin kafireto, mai kauri a sama da tsini a ƙasa. Iya ɗagawarta, iya buɗewar hanya. Babban jet ba ya karɓar ragama sai an murɗe totur kusan ƙarshe. Shi ya sa gwanin bakanike yakan fara da tambaya: "Alhaji, a ina yake shaƙewar? Da safe ne ko in ya yi zafi? Wajen tashi ne, ko a tsakiyar tafiya, ko sai kun murɗe?" Amsar ce take nuna masa inda zai sa hannu. Mai zirga-zirga tsakanin Dala da Kantin Kwari da wuya ya kai ga babban jet, domin rayuwar babur ɗinsa duk a ƙaramin jet da allura take. Sauya masa babban jet da sunan tsimin mai zubar da kuɗi ne kawai.

To me ake yi idan an ce a matse? Wani ya sauke allura har tsagin ƙarshe. Wani ya lanƙwasa harshen fulot domin man da ke kofi ya yi ƙasa. Wani ya zare silin waya ya zira a cikin jet ya bar shi a can, wani ya ɗan daddaki bakin jet ɗin, ko ya cike shi da dalma ya sake hudawa da allurar ɗinki. Manufar duk ɗaya ce, a rage fetur a bar iska yadda take. A kwanakin farko mai babur zai ji kamar ya ci riba. Amma injin irin waɗannan baburan ba shi da lagireto. Iska ce take sanyaya shi ta waje, fetur kuma yana taya ta ta ciki, domin duk ɗigon da ya shiga ya zama tururi yana ɗauke wani zafi. Masu ƙera injin sun san da haka, shi ya sa suke barin mai ya ɗan rinjaya idan an murɗe totur, iska ta tsaya wajen kashi 12.5 zuwa 13 maimakon 14.7. In ka janye wannan rarar, ka kuma shiga cunkoson Titin Aminu Kano da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babur a tsaye ba iskar da ke kaɗa shi, to bawul ɗin hayaƙi ne zai fara ji a jikinsa. Gefensa ya ƙone, ya daina rufewa ruf, matsi ya zurare. Sai a ji babur yana atishawa ta kafireto, yana harbi ta salansa in an saki totur, yana ƙwanƙwasa wajen hawan tudu. In aka ci gaba a haka, kan fistin ya huje. Man ma ba a tsimar da shi yadda ake zato, domin babur ya rasa ƙarfi, mai shi ya ƙara murɗawa, ya daɗe a ƙaramar giya. Garin neman gira an rasa ido.

A injin da ake haɗa wa mai, abin ya wuce asarar dukiya. Vespa ba ta ajiye baƙin mai a cikin inji domin fistin. Man da ke shafe fistin da boris a cikin fetur yake tafiya. Ma'aunin da Piaggio mai ƙera Vespa ta bayar ga irin su Sprint da PX ta farko, wadda ta fito a 1977, kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 na man 2T a kowace lita. Duk wanda ya rage hudar jet ɗin Vespa ya rage fetur, ya kuma rage man shafawa a lokaci guda. Fistin ya yi zafi ya kumbura ya kame a cikin silinda, tayar baya ta ƙulle ana tsakiyar gudu. Wanda Allah ya ba sa'ar damƙe kuloci ya tsira da ƙujewa, wanda bai samu ba sai a kwashe shi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala. Karayar cinya ga dattijo ɗan shekara 60 ba abin da za a auna da lita ba ne. Yamaha da Suzuki masu hayaƙi sun zo da famfon mai nasu na daban, Autolube da CCI, kuma cire famfon a koma zuba mai a tanki da ƙiyasin ido shi ma wata hanya ce ta kai inji kushewa, musamman a wasu Suzuki da famfon yake kai mai kai tsaye cikin boris.

Amma fa mai babur bai yi ƙarya ba, babur ɗinsa yana shan mai. Abin bincike shi ne dalili, tunda jet tagulla ne, ba ya faɗaɗa da kansa cikin dare. A Kano wanda ake fara tuhuma shi ne iyakilina. Ƙurar hunturun nan da takan lulluɓe Dutsen Dala har a kasa hango shi daga Goron Dutse, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, wurin da masana ke ɗauka ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ga kuma ta titi da ta lungu da muke tayarwa da kanmu. In soson iyakilina ya cika, iska ta ragu, inji ya ja da ƙarfi ya zuƙo fetur fiye da kima, hayaƙi ya yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. Maganinsa bai wuce a wanke soson da kananzir, a shanya, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse ba. Wasu sai su cire shi gaba ɗaya su ce babur ya samu numfashi. Ya samu, amma tare da yashi, wanda zai goge ringi da silinda, ya cinye allura da gidanta, har kafireton ya kai matsayin da ba sukurun da zai daidaita shi. Injiniyoyin Honda sun ga irin wannan hali da idonsu a 1974, da suka zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suka tarar ana lafta wa babura kaya, ba a juye a kan kari, iyakilina ya toshe da ƙura. Abin da suka gani shi ya haifi CG 125 a 1975, da inji mai jure sakaci da soson da ake wankewa a mayar. Sun yi nasu, saura wankin.

Bayan iska sai wuta. A tsohon babur mai kwantak, ratar bakin kwantak ɗin milimita 0.3 zuwa 0.4 ce, ta fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7. In kwantak ya cinye, ko kwandansa ta mutu, ko taimin ya goce, wuta takan zo a makare ko a raunane, fetur ya fice ta salansa bai gama ci ba, fulogi ya yi baƙi, kowa ya nuna kafireto da yatsa. Haka bawul. Ratar tafet a C70 da Benly milimita 0.05 ce, a CG 125 kuma 0.08, ana auna ta inji na sanyi, da ma'aunin rata, domin ido da kunne ba sa kamo abu mai ƙanƙanta haka. Bawul ɗin da ya matse yana da alamar da ba ta ɓuya: babur ya tashi lafiya lau da safe, da ya yi zafi ya ƙi silo, ya mutu a danja, ya ƙi kik. Sai ɓarauniyar iska. Robar da ta haɗa kafireto da inji, bayan shekara da shekaru tana shan rana, takan tsattsage, iska ta riƙa shiga ta bayan fage. Alamarta silo ya hau, in an saki totur ya daɗe bai sauko ba. A masu hayaƙi kuma oyil-sil ɗin kiranshaf yakan yi wannan ɓarna. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: inji na da zafi, a ɗan ja cok. In tafiyarsa ta gyaru, to mai ne bai ishe shi ba, ko dai iska na satar hanya ko ƙaramin jet ya toshe. Irin wannan babur in aka ƙara matse shi, an ƙara masa ciwon da yake fama da shi ne.

Masu Benly da Roadmaster su saurari wannan da kyau. Baburanku silinda biyu gare su, amma kafireto ɗaya ne yake ciyar da su duka. In kun kwance fulogi kuka ga na dama lafiya na hagu baƙi, ko salansa ɗaya na zafi ɗaya na sanyi, ku ƙyale kafireto, ba shi da hannu a ciki, domin abin da ya bai wa wannan shi ya bai wa wancan. Ku nemi laifin a fulogi da hularsa da wayarsa, ko bawul, ko ringin wannan ɓangaren. Masu Honda CB mai kafireto biyu su ne suke da ƙarin aikin daidaita su, su ɗaga tare su sauka tare.

Kada a manta da tanki. Tankin da ya shekara 40 ba ya rasa tsatsa, da damina kuma ruwa yakan taru a gindinsa ya gangara kofin kafireto, tunda ya fi fetur nauyi. Man kwalba na bakin titi, wanda ba ka san abin da kwalbar ta taɓa ɗauka ba, yakan zo da datti ko gauraye. Ko na gidan mai ba kullum yake tsira ba. A Fabrairun 2022 hukumomi da kansu sun amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da kima, sinadarin da ke cin roba yana kuma jawo ruwa. 'Yar matata a jikin tiyo, mai arha, tana tare mafi yawan tsatsa da datti. Akwai ma wanda babur ɗinsa zai yi 'yar tafiya ya mutu, a huta ya tashi, ya sake mutuwa, ashe 'yar hudar numfashin da ke murfin tanki ce ta toshe. In ya mutu ka buɗe murfi ka ji ya ja iska, ka gano mai laifi.

Sai duk waɗannan sun tabbata lafiya ake kwance kafireto. A shimfiɗa tsumma mai tsabta ko faranti, kada a zube kayan a ƙasa, a kuma yi nesa da wutar mai shayi da ta mai taba. A jiƙa, a wanke, a hura kowace hanya da iskar famfo ko ta injin mai faci. Hurawa da baki da zuƙar tiyo da yaran gareji suka saba, a daina, fetur in ya shiga huhu illa yake yi. A ɗaga jet a kalli haske ta cikinsa, hudar ta fito zagayayya tas. Waya da allurar ɗinki ba su da wuri a nan. A girgiza fulot a kusa da kunne, in an ji ruwa a ciki ya huje, ya tashi aiki. A duba tsinin 'yar allurar da ke tsayar da mai, in ta yi zobe a baki ba za ta rufe ba, kuma ita ce take sa babur ya kwana yana ɗiga. Wannan ɗigar ita ce shan man gaskiya a gidaje da yawa, fetur yana tafiya a daɓen soro mai shi yana barci. A sauya ta, a auna tsayin mai a kofi yadda aka ƙera, a kuma saba da rufe famfon tanki duk lokacin da aka ajiye babur.

Allura galibi tsagi 5 gare ta, a mayar da maƙallinta na tsakiya, daga nan ake farawa. Sukurun haɗi a rufe shi a hankali har ya taɓa, ba a ɗaure shi, domin tsininsa da mazauninsa masu laushi ne, in suka lotsa an gama. A warware shi zagaye 1 da rabi. A hau babur a yi tafiyar minti 10 ya yi zafi sosai, tunda saitin da aka yi inji na sanyi ba ya zama. A waje ake wannan aiki, ba a cikin rufaffen shago ko soro ba, saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa. A ɗan ɗaga silo, sannan a riƙa juya sukurun haɗi rubu'in zagaye, a dakata, a saurara, a sake. Akwai wurin da ƙarar inji take hawa ta zauna daram ba tangarɗa, nan ake nema. In an same shi, sai a sauko da silo zuwa wajen juyi 1,200 zuwa 1,400 a minti. A kuma lura da mazaunin sukurun: in yana ɓangaren iyakilina, na iska ne, warware shi yana ƙara iska, in yana ɓangaren inji, na mai ne, warware shi yana ƙara mai. Da yawa sun juya shi baibai saboda rashin sanin wannan. In sai an warware fiye da zagaye 3, ko sai an kusa rufewa ruf kafin inji ya zauna, to ƙaramin jet ɗin ne ba daidai ba. Abu ɗaya ake sauyawa a gwada kafin a taɓa na biyu. Wanda ya sauke allura, ya sauya jet, ya juya sukuru duk a zama ɗaya, ko babur ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, in ya lalace ma haka.

Fulogi shi ne shaida. A yi tafiya mai ɗan nisa a kan totur ɗaya, a damƙe kuloci a kashe inji, a bari ya huce a kwance a duba. Ruwan ƙasa mai haske, lafiya. Baƙin toka busasshe, mai ya rinjaya. Fari fat, inji na ƙuna, a gaggauta ƙara masa mai. Baƙi mai maiƙo a inji irin na Honda kuwa baƙin mai ne yake haurowa ta ringi ko ta bawul, aikin buɗe inji ne.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Kano tana kan tudun da ya kai wajen mita 480 daga teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kimanin kashi 5 cikin 100. Tsakanin asubar hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin bazara mai digiri 40, nauyin iska yakan bambanta da wajen kashi 8 cikin 100. Kafireto bai san wata ba, hudarsa ɗaya ce rani da damina. Babur ɗin da aka matse shi iya matsewa a zafin Afrilu, in Disamba ta zo da iskarta mai nauyi, man zai gaza masa. Shi ya sa mai hankali yake barin 'yar rara, ya kuma leƙa gareji a juya rubu'in zagaye in yanayi ya sauya. Kuma babur ya nemi cok da sanyin asuba ba cuta ba ce, alamar lafiya ce. Wanda yake tashi bugu ɗaya a tsakiyar hunturu ba cok, ana ta yaba shi, shi ne mai shan man.

Wajen kayan gyara, roƙona ga masu tsofaffin baburan nan shi ne kada su yi saurin rabuwa da kafireton asali. Sabo mai arha yana nan a shagunan Fagge da Sabon Gari, yana ƙyalli, yana kuma hawa daidai, amma lambar da ke kan jet ɗinsa ba kullum take faɗin gaskiyar hudar ba, allurarsa ma ba lalle ta dace da injinka ba. Tsohon Keihin ko Mikuni ko Dell'Orto, in jikinsa bai cinye ba, gaskit da 'yar allurar fulot kawai yake nema. In kuwa fistinsa yana lilo a gidansa, to ya gama aiki, a nemo ɗan'uwansa na gwanjo a Ƙofar Ruwa kafin a koma ga sabon. Abin da ake sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo yau, gobe da kuɗi ma ba za a same shi ba.

Akwai kuma laifin da yake namu, mu masu kai gyara. Ba ma biyan kuɗin bincike. Bakanike ya ɓata awa guda yana aunawa yana saurare, ya gano soso ne kawai ya toshe, sai mu ce ai ba abin da ya yi, mu miƙa masa kuɗin shayi. Wanda ya ɓalle tsoho ya ɗaura sabo cikin minti 5 shi muke biya da daɗin rai. Da wannan hali muke koya wa yaran gareji cewa sauya kaya shi ne sana'a, kunne da haƙuri ba sa kawo abinci. Duniya kuma tana barin kafireto a baya. Tun 1 ga Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta Indiya, ƙasar da yawancin sababbin baburanmu da adaidaita suke fitowa, ta tura masana'antu zuwa injin da na'ura ke auna wa mai, Turai ma ta riga ta yi haka. Masu ƙera kayan tsohon tsari za su riƙa raguwa, dattawan da suka san muryar Benly mai lafiya su ma suna raguwa. Wanda ya rage a unguwarku, ku biya shi hakkin iliminsa, ku kuma tura masa yaro mai natsuwa ya zauna a gabansa.

Duk ranar da aka taɓa muku kafireto, ku ce a ba ku tsohon jet ɗin ku riƙe, ku tambayi lambar wanda aka sa, da tsagin da allura take, da zagaye nawa aka warware sukuru. A rubuta a 'yar takarda a haɗa da takardun babur, domin duk wanda zai sa hannu a gaba ya san daga inda zai tashi, in kuma saitin bai karɓa ba a iya komawa inda aka baro.